Tambayoyin Masu Karatu: Idan Gado Ɗaya Ya Rage a Asibiti, Wa Za a Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gwari a Mile 12. Kwanakin baya cikin dare numfashin yayana ya sarƙe, dama yana fama da hawan jini, sai muka garzaya da shi wani babban asibitin gwamnati a nan Legas. Nas ta auna shi, ta ce babu gado, mu jira a kan benci. Muna zaune aka shigo da wani ɗan acaba da mota ta buge, jini yana zuba, nan take aka wuce da shi ciki alhali mun riga shi zuwa. Can kuma wani mutum ya iso da mahaifiyarsa a babbar mota, ya buga waya, ba a jima ba aka samar mata gado. Mu kuwa sai da gari ya waye aka karɓi yayana. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, amma har yau abin yana damuna. Shin don mu Hausawa ne aka yi mana haka? Kuma idan gado ya yi kaɗan, wace ƙa'ida ce ta adalci da ya kamata a bi wajen rabonsa?
Mai karatu daga Mile 12

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa yayanka lafiya, ya sa kaffara ne. Abubuwa biyu ka gani a daren nan, kuma ko da yake duka biyun sun ɓata maka rai, hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Game da ɗan acaban da aka wuce da shi, ma'aikatan sun yi daidai. A sashen gaggawa ana fara taɓa wanda jinkiri zai fi yi wa illa ne, ko da shi ne ya zo ƙarshe. Aunawar da nas ta yi wa yayanka tun daga ƙofa tantancewa ce: tana duba bugun zuciya, da hawan jini, da yawan numfashi a minti guda, da yawan oksijin a jini, da kuma ko mutum yana cikin hayyacinsa, sannan ta san rukunin da za ta sa shi. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF ya kasa majinyata launi uku, wato ja ga wanda dole a taɓa shi nan take, rawaya ga wanda yake bukatar a gan shi da wuri amma zai iya ɗan jira, da kore ga wanda jira ba zai cutar da shi ba. Wanda jini yake kwarara daga jikinsa yana iya cikawa cikin 'yan mintuna, saboda haka shi ja ne. Wannan ƙa'ida ta daɗe a duniya, domin ana danganta ta da Dominique Larrey, babban likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya tsaya a kan cewa a fagen fama a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ko babban hafsa ne ko ƙaramin soja. Abin da ya kamata masu jinya su sani shi ne, wanda aka sa a rawaya yana iya komawa ja cikin awa guda, musamman mai sarƙewar numfashi, don haka haƙƙinsa ne a riƙa sake auna shi yana kan bencin, kuma a sa masa oksijin idan yana bukata ko da gado bai samu ba.

Batun tsohuwar da aka buga wa waya kuma daban ne. Idan ciwonta ya fi na yayanka tsanani, to ta cancanci gadon ko da ba a buga waya ba. Idan kuwa wayar ce ta samar mata shi, to an zalunci wanda ya fi ta bukata a cikin masu jira, ko yayanka ne ko wani, domin gadon da aka ba ta ba daga sama ya faɗo ba, daga hannun wani aka zare shi. Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma da muke wannan kuka, da zarar muna da ɗan'uwa likita ko nas, shi muke fara kira tun muna cikin mota, muna kafa hujja da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ban ga laifin mutum ya kira wanda ya sani ya tambaye shi asibitin da yake da gado ba, ko ya nemi a bayyana masa abin da likita ya faɗa. Inda laifin yake shi ne a nemi alfarmar tsallake wanda ya fi bukata, kuma wannan laifi yana kan mai nema da mai bayarwa baki ɗaya.

Ka tambaya ko don ku Hausawa ne. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, kuma duk ma'aikacin da ya yi haka ya saɓa doka. Amma a labarin da ka bayar ban ga alamar ƙabilanci ba, domin Bayarabe talaka da ba shi da wanda zai kira, shi ma a kan wannan benci zai kwana. Abin da ya fi cutar da mutanenmu a asibitocin Legas shi ne harshe da rashin kuɗi a hannu. Majinyacin da bai iya bayyana ciwonsa da Turanci ko Yarabanci ko Buroka ba, ya ce kawai jikinsa ne babu daɗi alhali ƙirjinsa ne yake masa nauyi tun la'asar, yana iya faɗawa rukunin da bai kai matsayin ciwonsa ba. Ga kuma kunya da kawaici irin namu, inda dattijo zai daure ya ce da sauƙi alhali yana jin jiki. Saboda haka a tafi da wanda zai iya bayani filla-filla, a tafi da magungunan da majinyacin yake sha, a faɗi lokacin da ciwon ya fara ba tare da ragewa ba.

Kalmar nan ta babu gado ita ma tana bukatar a fahimce ta. Sau da yawa ƙarfen gadon yana nan a ajiye, abin da babu shi ne nas da za ta kula da wanda aka kwantar a kai, ko tukunyar oksijin, ko na'urar lura da bugun zuciya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a Najeriya kusan 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar. Legas ce ta fi kowace jiha yawan likitoci, amma ita ce kuma majinyata suke kwararowa cikinta daga Ogun da sauran wurare, ga cunkoson mazaunanta. Waɗanda suka zauna a nan lokacin korona za su tuna yadda a farkon 2021 bukatar oksijin a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba ta tashi daga tukunya 70 zuwa 350 a rana, kamar yadda gwamnatin jiha ta sanar da kanta. A irin wannan hali dole ne wani ya samu wani ya jira, kuma abin da za a iya nema shi ne a yi rabon bisa ƙa'idar da kowa zai iya ji ya amince da ita tun kafin ya san ko shi ne zai samu.

To wace ƙa'ida ce? Ta farko ita ce tsananin bukata, kamar yadda na bayyana. Ta biyu ita ce amfanin da maganin zai yi. Idan injin taimakon numfashi ɗaya ne ya rage, ga mutum biyu duka suna bukatarsa, ɗaya likitoci suna ganin zai farfaɗo idan ya samu kwanaki a kai, ɗaya kuma gaɓoɓinsa da yawa sun riga sun daina aiki ta yadda injin ba zai ƙara masa komai ba illa tsawaita wahala, to ba na farkon ya fi dacewa, domin idan aka ba na biyun ana iya rasa su duka. Wannan hukunci ne mai nauyi, kuma shi ya sa bai kamata a bar shi a kan ƙaramin likita ɗaya da tsakar dare ba. Manyan likitoci biyu ko uku su duba tare, su rubuta dalilinsu. Wanda bai samu injin ba kuma ba a yasar da shi, ana ci gaba da rage masa zafi da kula da shi.

Idan bukata ta zo ɗaya, amfanin ma ya zo ɗaya, sai a koma ga wanda ya riga zuwa, ko kuma a jefa ƙuri'a. Mutane sun fi sabawa da bin layi, kuma a sashen gaggawa shi ya fi sauƙin aiwatarwa, amma yana da aibi a gari irin Legas, domin wanda ya riga zuwa sau da yawa shi ne mai mota da ke zaune kusa da asibiti, shi kuwa wanda ya taso daga Ikorodu ko Badagry yana can cikin cunkoso. Don haka a abin da ake tsarawa tun da wuri, kamar gurbin tiyata kyauta ko wani magani mai tsada da aka samu kaɗan, ni ƙuri'a ta fi kwanta mini. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tunda ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙe Nana Maryamu.

Abin da bai kamata ya shiga lissafi ba shi ne darajar mutum a idon jama'a. Amurka ta gwada wannan ta ga ƙarshensa. A 1962, lokacin da aka buɗe cibiyar wankin ƙoda ta farko ga masu ciwo mai ɗorewa a birnin Seattle, injuna ba su kai yawan majinyata ba, sai aka kafa kwamitin mutum bakwai da aka ɓoye sunayensu domin su zaɓi waɗanda za a yi wa wankin. Suka riƙa duba aikin mutum, da dukiyarsa, da iliminsa, da yawan 'ya'yansa, har da zuwansa coci, sai ya zama waɗanda suka yi kama da 'yan kwamitin su suke tsira. Da labarin ya fito a jarida aka yi ta ce-ce-ku-ce, kuma a 1972 majalisar ƙasar ta amince gwamnati ta riƙa biyan kuɗin wankin ƙoda ga kusan duk mai bukata. A tarihinmu ma an yi irin wannan muhawara a kan rabon dukiyar baitulmali: Sayyidina Abubakar ya raba daidai wa daida bisa hujjar cewa ladan fifiko yana wurin Allah, wannan kuwa abin rayuwa ne, Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar rabo, ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci. Kowannensu ijtihadi ya yi a zamaninsa, amma a batun ceton rai hujjar Abubakar ce ta fi dacewa, domin huhun liman da na ɗan dako iska ɗaya suke bukata. Togaciyar da na yarda da ita ita ce ta ma'aikatan lafiya lokacin annoba, kamar yadda aka fara da su sa'ad da kashin farko na rigakafin korona, kusan miliyan 4, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kuma dalilin haka shi ne idan suka kwanta babu mai duba sauran jama'a.

Saura batun doka, wanda mutanenmu da yawa ba su sani ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Saboda haka idan aka ce muku babu gado, ku nemi likita ya duba majinyacin ya yi masa taimakon farko, ku nemi takardar turawa zuwa wani asibiti, ku roƙi a kira can a tabbatar akwai gurbi kafin ku kama hanya, domin rayuka da dama a kan titi suke salwanta tsakanin wannan asibiti da wancan. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Idan kuma kuna da ƙorafi, ku rubuta shi da rana da lokaci ku kai ofishin shugaban asibitin ko teburin karɓar ƙorafin jama'a na SERVICOM inda yake akwai, domin hayaniya da nas a bakin ƙofa ba ta taɓa samar da gado ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Mahaifinmu yana da shekara 74, ƙodarsa ta daina aiki, ana yi masa wankin ƙoda a nan Legas. Mun riga mun sayar da filin da muke da shi a gida, kuɗin kuma ya kusa ƙarewa. Ga ƙanwata tana da tsohon ciki, likita ya ce sai an yi mata tiyata wajen haihuwa, mijinta kuma ba shi da hali. 'Yan'uwa sun rabu biyu, wasu sun ce uba ya fi kowa haƙƙi, wasu sun ce a fara da mai ciki. Wani ma ya kawo shawarar a nemi wanda zai sayar mana da ƙoda a huta. Don Allah mene ne adalci a nan?
'Yar'uwa daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sauki ƙanwarki lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Shawarata ita ce ku ware kuɗin tiyatar ƙanwarki tun yanzu ku ajiye shi gefe, kada a taɓa. Dalilina ba shekarun Baba ba ne. Tiyatar haihuwa abu ne mai lokaci wanda ba ya jira, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, kuma rai biyu take cetowa, alhali wankin ƙoda ba ya warkar da ƙodar da ta mutu, aikinta kawai yake yi mata, kuma a ƙa'ida sau uku ake yinsa a mako, kowane zama kusan awa huɗu, har iya rayuwa. Kuɗin tiyatar idan kuka zuba shi a wanki, 'yan makonni zai saya ya ƙare, ku kuma ku wayi gari da naƙuda babu ko sisi. Ware wannan kuɗi ba saɓa wa mahaifi ba ne, kuma ina kyautata zaton idan aka tambaye shi, shi da kansa zai ce a fara da 'yarsa da jikansa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ban gani a wasiƙarki ba, wato ra'ayin Baba. Mukan yi wa iyayenmu kara mu ɓoye musu halin da ake ciki, mu yi ta taro a bayan idonsu, alhali jikinsa ne kuma shi yake shan allurar. Muddin yana cikin hankalinsa, a samu wanda yake jin nauyinsa a cikinku ya zauna da shi tare da likitan ƙoda, a faɗa masa gaskiya cikin ladabi. A tambayi likitan abu uku: mene ne zai faru idan aka rage yawan wankin, ko akwai wasu cututtuka a jikinsa kamar ciwon zuciya da suke rage amfanin wankin, kuma yaya kulawa ba tare da wanki ba take. Ita wannan ta ƙarshe hanya ce da likitoci suka sani, inda ake kula da abinci da yawan ruwan da ake sha, da hawan jini, da ƙarancin jini, da ƙaiƙayi da ciwo, kuma ga dattijon da ya manyanta sosai yana da wasu manyan cututtuka, wani lokaci ratar da ke tsakaninta da wanki ba ta da yawa. Kada dai ku rage ko ku tsayar da wankin da kanku ba da sanin likita ba, domin taruwar ruwa da sinadarin fotashiyam a jini tana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Ku kuma bincika batun rangwame, domin a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ko da yake inda farashi ya sauka layi yakan yi tsawo.

Akwai adalci a tsakaninku 'ya'ya ma. Ba daidai ba ne a yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya alhali samu ba ɗaya ba ne. Suratul Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Wadda ta rufe sana'arta tana kwana a asibiti tana wanki da dafa abinci, ita ma ta ba da nata kason, kuma a lissafa mata shi.

Maganar sayen ƙoda kuwa ku rufe ta. Dokar Lafiya ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ma a 1988 ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa amma ta haramta sayar da ita. Ba mu manta da shari'ar tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu ba, wanda kotu a Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023 saboda kai wani matashi mai talla a titin Legas Ingila da nufin a cire masa ƙoda. A wannan ciniki kullum talaka ne mai sayarwa, kuma yunwa ce take sa shi amincewa. Ko da ɗan'uwa ne ya bayar kyauta, dashen yana cin miliyoyin naira, bayansa kuma akwai magungunan hana jiki ƙin ƙodar da za a sha har abada, sannan sai likitoci sun tabbatar jikin mai shekara 74 zai ɗauki aikin.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren kwamitin taimakon marasa lafiya a masallacinmu. Duk Juma'a muna tara abin da ya sawwaƙa, amma masu nema sun fi kuɗin yawa, kuma kullum sai an yi gunaguni cewa an ba na kusa da liman ko na kusa da shugaba. Yaya za mu tsara rabon? Kuma inshorar lafiyar jihar Legas ta shafe mu, mu da ba 'yan asalin jihar ba?
Ɗan'uwa daga Idi-Araba

AMSA: Malam sakatare, Allah ya ba ku ladan wannan aiki. Zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce ta fi sauƙi. Shirin inshorar jihar mai suna Ilera Eko, wanda hukumar jihar mai suna LASHMA take gudanarwa bisa dokar da jihar ta yi a 2015, na mazauna Legas ne, ba na 'yan asalinta kaɗai ba, saboda haka Bahaushen da ke zaune a Idi-Araba ko Obalende ko Agege yana da damar yin rajista shi da iyalinsa. Dokar tarayya ta 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ma ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Kafin ku biya, ku sa a karanta muku jerin abin da tsarin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ku kuma zaɓi asibitin da ke kusa da unguwarku.

Na kawo wannan ne domin yana da alaƙa da asusunku kai tsaye. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa a lokacin da ciwo ya kama su, kuma wannan shi ne babban mai raba magani a ƙasar nan, ya fi kowane likita da kowane kwamiti. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, yawanci ko rabinsa ba ta kaiwa. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, wanda ya taimaka amma bai toshe ramin ba. Giɓin nan ne yake turo mutane ƙofar masallacinku ranar Juma'a da takardar asibiti a hannu.

Saboda haka ina ba ku shawarar ku raba abin da kuke tarawa gida biyu. Kaso mafi girma ku biya wa zawarawa da marayu da tsofaffi marasa mataimaki kuɗin inshora na shekara, domin abin da zai tafi a tiyatar mutum ɗaya yana iya rufa wa gidaje da dama asiri a kan zazzaɓin cizon sauro da awon ciki da maganin hawan jini, kuma hawan jinin da aka riƙa sha wa magani shi ne ba ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ƙoda. Na san wannan zai yi wa jama'a wuyar karɓa, domin zuciya ta fi karkata ga majinyacin da ake gani kwance fiye da mutum goma da ba su kwanta ba tukuna, shi ya sa nake cewa a bar kaso na biyu domin gaggawa, kamar haɗari da naƙuda da ƙarin jini. Wanda yake ƙyamar inshora a tuna masa da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka.

Gunagunin da kake ji kuwa maganinsa rubutu ne. Ku zauna tun kafin wani ya kawo buƙata ku rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya, a karanta ta bayan sallar Juma'a, a manna ta a bango: wane irin ciwo ake fara dubawa, nawa ne iyakar abin da za a ba mutum ɗaya, sau nawa gida ɗaya zai iya karɓa a shekara. Mutum uku su riƙa yanke hukunci tare, a samu mace a cikin masu ba su shawara domin matsalolin mata da yawa ba sa isowa kunnen kwamitin maza, kuma duk wanda ɗan'uwansa ne yake nema ya fita daga zaman. Idan akwai nas ko likita a cikin jama'arku, a riƙa nuna masa takardun ya bayyana wanda ba zai iya jira ba. Ku biya kuɗin kai tsaye ga asibiti ko kantin magani ku karɓi rasit. Wanda aka hana a gaya masa dalili, a kuma ba shi damar kai kuka ga wasu dattawa biyu da ba sa cikin kwamitin. A ƙarshen kowane wata ku sanar da abin da ya shigo da abin da ya fita da yawan waɗanda aka taimaka wa, ba tare da ambaton sunan kowa ko irin ciwonsa ba.